Sambo, Lafiyarka Ƙalau Ranar Wasan Akushi

Zuwa ga ɗan'uwana Sambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai kan yi wa wanda ya riga shi tafiya, tare da fatan Allah ya sa kana cikin sauƙi inda aka kwantar da kai can hayin iyaka, ni ne Garba ɗan Maƙera nake rubuto maka. Na san takarda ba ta isa inda kake. Mutane ne za su karanta, kuma so nake su karanta, domin a gaban mutane na yi maka abin da na yi.

Dalilin takardar nan shi ne tsofaffin ɗaliban makarantarmu sun ɗora mini aiki. Sun ce tun da ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka buga wasan akushi, kuma ni ne kyaftin a shekarar 'yanci, in rubuta musu tarihin wasannin daga na farko har na ƙarshe, a karanta a taronsu. Na amsa tun ba su rufe baki ba, ka san ni da son a ce ni ne. Na ɗauko tsohon littafin wasanni da gara ta ci gefensa, ina kwafa tiryan-tiryan, har na iso wani layi da na rubuta da hannuna ina ɗan shekara goma sha shida: wai Sambo bai buga ba saboda ciwon ciki. Nan alƙalami ya ƙi tafiya. Lafiyarka ƙalau ranar nan, ni na sani, kai ka sani. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ina maimaita wannan layi. Yanzu ko in sake kwafa shi ya zauna har bayan raina, ko in faɗi yadda aka yi.

Bari in ɗauko daga tushe saboda masu karatu. Kai ka yi haƙuri, duk ka san wannan.

Ba da son Baffa, mahaifinka, ka shiga boko ba. 'Yan saƙon hakimi ne suka bi rugage suna ɗibar yara, ƙuri'a ta faɗa kanka. Da ya ga ba makawa, sai ya riƙo hannunka har maƙerar Babana, wanda ya daɗe yana ƙera masa wuƙa da barandami. Ina zaune ina zuga, na ji ya ce, “Baƙin maƙeri, ga ƙaramin ubangidanka na kawo ma, ka riƙe shi da kyau.” Baba ya amsa da cewa bai taɓa ganin ubangidan da iska za ta iya ɗauka ba. Suka yi ta dariya, kai kuwa kana tsaye da 'yar sandarka kana hararar wutar maƙera. Daga ranar Inna, mahaifiyata, ta riƙa zuba mana tuwo a ƙwarya ɗaya duk Juma'a da duk hutu.

Mu ma muka gaji wasan iyayenmu. Kai ka ce mini bawanka baƙin maƙeri, ni in ce maka siririn Fillo mai warin nono. Kowa a ƙasarmu ya san dokar wannan wasa tsakanin Fulani da maƙera: duk abin da abokin wasanka ya faɗa maka, ba ka da ikon yin fushi. Wanda ya ɓata rai shi ne ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Ka riƙe wannan doka fiye da kowa, ga kuma kunyarku ta Fulani a kai, wadda ko ƙaya ce ta soke ka ba ka cewa wash a gaban mutane.

Makarantarmu ta kwana ce a ƙasar Kaoje. Babbar firamare ce kurum, amma mutanen gari kwaleji suke ce mata, mu ma ba mu taɓa gyara musu ba. Kowace shekara idan an gama yankan shinkafa, an kuma gama wasannin ƙwallo da makarantun kusa, sai a yi wasa guda na rufe shekara da wata makarantar Faransa da ke hayin iyaka a Dahome. Bana mu je, baɗi su zo. Abin da ake takara a kai baƙin akushi ne babba, wanda mutum biyu kan ɗauka in ya cika. Bayan wasa a cika shi da tuwon shinkafa da miyar kifi, waɗanda suka buga, mu da su, a wanke hannu a ci tare, waɗanda suka yi nasara su fara sa hannu. Wanda bai buga ba, ko ɗan hakimi ne, ba ya kai hannu. In an sauke, kyaftin ɗin masu nasara ya sa wuƙa ya yi tsaga ɗaya a bakin akushin ta gefensu, su ɗauka su tafi da shi.

Tarihin da aka ce in rubuta ba mai tsawo ba ne, kuma ba mai daɗi ba ne. Shekarar farko yayyenmu suka taka da ƙafa yini da rabi, suka isa ƙafafu a kumbure, aka lallasa su. Ta biyu ruwan kogi bai janye daga filinmu ba, aka koma masussuka aka buga, ƙaiƙayi ya hana kowa sakat, amma su ƙaiƙayin bai hana su cin mu ba. Ta uku ƙwallon ta faɗa kan ƙaya ta fashe tun kafin a ci kowa, babu wata a duk gundumar, dattawa suka yanke cewa akushi ya zauna inda yake. Mun daɗe muna alfahari da wannan shekara, muna kiranta shekarar da ba a ci mu ba.

A ta huɗu ka fara bugawa. Har yanzu ina ganin ƙafafun nan naka, masu faɗi, yatsu a barbaje kamar citta, dunduniya duk faso. Ƙafar da ta girma tana bin maruƙa cikin daji, ina mai tsaron baya zai kamo ta? Ka ci biyu ranar nan, suka ci uku. A ta biyar muka riƙe su kunnen doki har rana ta kusa faɗuwa, sai ni, Garba, na zo in fitar da ƙwallo na miƙa wa ɗan wasansu a ƙafa, ya gode ya zura. Da aka tashi, mutanen garinsu da kansu suka ɗaga ka sama suna kiran sunanka, alhali mu aka ci. Ni na dawo ina bayan ayari, ba wanda ya ce mini komai, kai kaɗai ka rage tafiya muka jera.

Wasa biyar ke nan, tsaga huɗu a gefensu, gefenmu sumul.

Sai shekarar 'yanci ta zo. Su sun samu nasu da damina, mu namu ya biyo baya, kuma a filinmu za a buga. Ajinmu na ƙarshe ke nan, aka ba ni kyaftin don na fi kowa Turanci da iya tsayawa gaban manya. Kai ba ka damu ba. Abin da ke ranka ɗaya ne: Baffa bai taɓa ganin ka buga ƙwallo ba, bai ma san kamanninta ba. Ya daɗe yana so ya ƙetara da shanunsa yamma inda ciyawa ta fi, kai kake roƙonsa ya dakata ka gama makaranta. Ka aika masa har sau uku ya zo ya gani da idonsa cewa ɗansa ba zaman banza yake yi cikin Haɓe ba. A karo na uku ya ce zai zo. Ranar da saƙon ya iso ko tuwo ka kasa ci don murna.

Saura mako biyu wasa, wani babban mutum daga Lardi ya aiko mana da kyautar takalman ƙwallo, ya ce shi ma zai halarta. Mu da ba mu taɓa buga ƙwallo da takalmi ba, su ma na hayi haka. Aka buɗe akwatin gaban ofishin Hedimasta, warin sabuwar fata ya tashi, ga ƙusoshi reras a ƙasansu. Kowa ya samu daidai ƙafarsa, ko wanda ya kusa. Kai kaɗai ko mafi girman ciki ya ƙi shiga, ba don tsawo ba, don faɗi. Ka jiƙa shi da ruwa, ka shafe shi da man kaɗe, ka cusa masa duwatsu ya kwana biyu, a banza. Daga ƙarshe ka zo ka ce mini in kai wa Baba ya ɗan tsaga gefe da gefe da wuƙa, yatsunka su samu wurin shan iska. Aikin da bai fi a hura wuta ba. Na ce maka ba a yanka kyautar babban mutum.

Malam Isa, malamin wasanni, bai ga wata matsala ba. Ya ce Sambo ya buga da ƙafarsa yadda ya saba. Hedimasta ne ya ɗan yi jim, yana tunanin baƙi, sai ya juyo ya tambayi kyaftin. A nan na buɗe baki na zuba jawabi. Na ce ƙasa ta samu 'yanci, ga tuta sabuwa, ga manyan baƙi, in aka ga ɗayanmu ba takalmi za a ce har yanzu kanmu bai waye ba, kuma mai kyautar zai ga an raina shi. Na ƙara da Turanci biyu uku don maganar ta yi nauyi. Hedimasta ya gyaɗa kai. Malam Isa ya dube ni ya daɗe.

Sambo, yau zan faɗa maka gaskiyar abin da ke cikina. E, na ji kunyar ƙafafunka, wannan faso da waɗannan yatsu, a gaban mutane masu safa. Amma ba ita ce babba ba. Na gaji da jin sunanka a bakin fili. Na ɗauka takalman nan za su ci mana wasa da kansu, kuma ina so ranar da za a yi tsagar farko a gefenmu, a ce Garba ne ya kawo ta, ba a ce Sambo ya ci Garba ya riƙe wuƙa ba. Hassada ce tsagwaronta, na sa mata rigar kishin ƙasa.

Da ma a ce na kira ka gefe na faɗa maka kamar ɗan'uwa, da ka samu damar yin musu, ko ka zage ni, ko ka kai ƙara wurin Inna. Na san haka, shi ya sa ban yi ba. Na bari sai da aka taru gindin tsamiya bayan motsa jiki, duk 'yan wasa na nan, na ɗaga murya ina murmushi na ce, “Fillo, ƙafar da tas saba taka kashin shanu ba ta shiga takalmin mutane. Gobe kai ka riƙe muna ruwa, ka ga yadda iyayengijinka ka wasa.” Wuri ya kaure da dariya. Na zaɓi hanyar da na san ba ka da ikon yin fushi. Na ɗauki wasan da iyayenmu suka gada don zumunci na ɗaure maka baki da shi.

Ka dube ni, ɗan lokaci kaɗan, don ka gane ko wasa ne. Ka gane ba wasa ba ne. Sannan ka yi dariya tare da su, ka ce to bawa ya samu takalmi, Allah ya sa ya san ƙafar da ake fara sawa. Aka sake fashewa da dariya, aka watse. Ka tattara gorunan ruwa ka tafi wankewa.

Ranar wasa aka kafa rumfar zana, aka jera bencina, makaɗa suka zo, tuta tana kaɗawa. Mutanen hayi suka iso ƙafa ba takalmi kamar kullum. Suka tsaya suna kallon ƙafafunmu, mu kuma muna ta ƙwas-ƙwas a gabansu muna hura hanci. Can ƙarshen fili na hango Baffa, da malfarsa, ya gicciya sanda a kafaɗa. Tun asuba ya taso daga rugarsu ta wajen Kende, ya biya ya ajiye wa Inna nono da man shanu. Na ga ka je ka durƙusa ka gaishe shi da gorunan ruwa rataye a wuyanka. Ban san abin da ka ce masa ba.

Aka hura usur. Ka san filinmu fadama ce, in ta bushe bayan girbi ta tsattsage ta yi tauri, ƙusa ba ta shiga. Muka zama kamar jakunan da aka yi wa dabaibayi. Ka ɗaga ƙafa ta yi nauyi, ka juya ka zame, ka buga ƙwallo ta nufi inda ta ga dama. Su kuwa sai shawagi suke tsakaninmu. Kafin hutun rabin lokaci sun ci uku. Wani tsoho daga cikin 'yan kallo ya yi ta ihu wai kayan aro ba ya rufe katara, a tuɓe a yi wasa. Babban baƙon da na ji wa tsoro kuwa, hira yake da na kusa da shi, ko kallonmu ba ya yi.

Da aka tafi hutu Malam Isa ya ce kowa ya cire. Muka cire, amma aikin gama ya gama, dunduniyar kowa ta saɓule, tawa har jini. A dokar wancan zamani ba a canja ɗan wasa in an fara, don haka ko da na so in mayar da kai, ƙofa ta rufe. Ina zaune a ƙasa na sunkuyar da kai, sai na ga ƙafafunka a gabana. Ka miƙo mini ruwa. Ka tsuguna, ka ciro ɗan man shanun da ka gutsuro daga na Inna a ganye, ka ɗora ƙafata kan cinyarka ka shiga shafawa a hankali. Na jira ka ce wani abu, ko da wasan ne, in samu abin riƙewa. Abin da ka ce kawai shi ne in riƙa taka gefen ƙafa, zafin zai ragu. Baffa yana tsaye yana kallon ɗansa na shafa wa ɗan maƙeri ƙafa.

Biyar da nema aka tashi. Duk tarihin wasan ba a taɓa yi mana irin wannan cin ba.

Aka kawo akushi, muka wanke hannu muka kewaye shi. Kai kana tsaye baya da buta, tun da ba ka buga ba. Kyaftin ɗinsu, wanda ya sha wuya a hannunka shekara biyu, ya waiwaya da Hausarsa mai gauraye da Dandanci ya tambaye ni me ya hana mai dogayen ƙafafun nan bugawa, ya ce duk shirinsu na bana a kanka suka yi shi. Loma tana hannuna na ce, “Ba shi da lahiya, ciki ad damunai.” Mutumin ya dube ka, kai da ka yini kana gudu da ruwa. Da ka yi shiru kurum, da asirina ya tonu nan take, kuma da shi ne daidai. Sai ka ɗora hannu a ciki, ka ɗan yamutsa fuska ka ce, “Gaskiya na, tun jiya.” Na haɗiye lomar nan.

Da yamma Malam Isa ya miƙo mini littafi in rubuta rahoton wasa, kamar yadda kowane kyaftin yake yi. Na rubuta layin nan da kyakkyawan rubutuna. Ya karanta, ya rufe littafin, ya ce mini Allah ya kyauta.

Washegari da safe Baffa ya zo maƙera. Bai ce baƙin maƙeri ba, bai ce bawana ba. Sunan Baba na yanka ya kira, abin da ban taɓa ji a bakinsa ba, kuma daga nan Baba ya ajiye masaba ya miƙe. Baffa ya ce, “Ban kawo ma ɗana don shi ɗauki ruwa ba. In ɗaukar ruwa ta, maruƙana sun fi buƙata.” Baba ya ba da haƙuri, Inna ta fito ta ba da haƙuri, Hedimasta ma ya aiko. Saura wata kaɗan jarrabawar fita, kuma duk ajin ba wanda ya kama ƙafarka a lissafi. Baffa bai saurara ba. Ni ina bayan rumbu ina ji. Da na fito na ce laifina ne, wataƙila da ya sauko, domin mutum ne mai jin gaskiya. Ban fito ba. Ka naɗe tabarmarka, ka durƙusa wa Inna, ka leƙo bayan rumbun ka ce mini, bawa, a riƙa wanke ciwon nan da ruwan gishiri. Kafin sati ya zagayo kun ƙetara iyaka.

Inna ta daɗe hannunta bai saba ba, duk Juma'a sai ta zuba tuwon mutum biyu a ƙwaryar. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Takan dai zauna ta zuba mini ido har in gama.

Ragowar tarihin ba shi da yawa. An ƙara bugawa sau biyu bayanmu, ba takalmi, duk an ci mu. Daga nan iyaka ta fara neman takarda, malamai suka gaji da zirga-zirga, wasan ya mutu. Akushi ya zauna can, gefenmu ko ƙwarzane babu. Ni na wuce makarantar horon malamai, na koyar, na zama hedimasta, na yi ta tsayawa gaban yara ina yi musu wa'azin gaskiya da riƙon amana. Duk lokacin da aka tayar da zancen wasan shekarar 'yanci sai in girgiza kai in ce ai da Sambo na da lafiya da labari ya sha bamban. Na faɗa har na fara jin kamar haka aka yi.

Sau ɗaya Allah ya sake haɗa mu, a kasuwar Dole Kaina, mun riga mun fara furfura. Ta baya ka gane tafiyata, na ji an ce ina bawan nan ya gudu ya bar ubangidansa. Na juyo sai ga ka, da sanda da malfa, sak Baffa. Ka riƙe hannuna ka ƙi saki. Ka dubi baƙin takalmina mai sheƙi ka ce ashe har yanzu ba a kwance mini dabaibayi ba. Muka zauna ka sa aka dama mana fura, ka tambayi Inna, na ce ta rasu, ka juya fuska ka daɗe. Maganar tana bakina, Sambo, wallahi tana bakina. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tsokanarka wai har yanzu kana warin nono. Ka yi dariya, na yi dariya, la'asar ta yi, kowa ya kama hanyarsa. Na ce wa raina wata rana. Ban sake ganin ka ba.

Watan jiya aka yi sallama a ƙofar gidana, aka ce wata Bafulatana ce daga Benin, Dahome ɗin da. Ɗiyarka ce Adama, ita ma ta manyanta har da jikoki. Ita ta faɗa mini ka rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ta ce tana bin mutanen da ka zauna da su ne tana roƙa maka gafara, kamar yadda ake yi wa mamaci, kuma sunana ne ka fi ambata. Na ce mata ni ba abin da ka taɓa yi mini sai alheri. Sai ta sunkuyar da kai ta ce akwai abu ɗaya.

Ta ce, “Baba Garba, ya sha ba mu labarin ranar da ciki yak kayar da shi, an ka yi muku ci biyar gaban baƙi. Kullum shina cewa ranar da ɗan'uwanai yaf fi buƙatatai, ranar ce bai tsaya mai ba. In abin ga na nan ranka, don Allah ka yahe mai.”

Ashe haka ka ba 'ya'yanka labarin. Kana can cikin daji, ba mai jin ka, ba mai ƙaryata ka, da ka faɗi gaskiya ba abin da zai same ka. Amma ka ɗauki ƙaryata ka raine ta a gidanka, ka ɗora wa kanka laifin, don kada jikokinka su tashi da jin cewa ɗan Inna ya ci amanarka.

Ga mace zaune gabana tana jiran amsa, ga ƙofa Allah ya buɗe mini a karo na ƙarshe. Ka san abin da na ce mata? Na gyara zama, na ce, “Na yafe.” Har na ƙara da cewa ai ciwo ba da gangan ake yin sa ba. Ta yi kuka, ta yi godiya, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Na ba ta goro, na raka ta bakin hanya.

Ni na yafe maka, Sambo. Ni.

Tun ranar ban iya haɗa ido da kowa a masallaci ba. Duk abin da na yi ina yaro zan iya cewa ƙuruciya ce, wannan kuwa da farin gemu na yi shi. Shi ya sa na ja layi a kan rubutun nan na littafi, na rubuta a ƙasansa cewa Sambo lafiyarsa ƙalau, kyaftin ne ya hana shi bugawa saboda hassada, kuma shi ya yi sanadin barinsa makaranta. Haka za a karanta a taro, ina zaune. Amma kafin taron zan sa a kai ni hayi wurin Adama in faɗa mata da bakina, in karɓo waccan yafiya da na ba ta, domin ba tawa ba ce. Ina jin tsoron idonta fiye da na duk taron. In ta ga dama ta nuna mini inda kake kwance, in ta ƙi ba ta yi laifi ba.

Ɗan'uwana, na san halinka, na san da kana nan da dariya za ka yi ka ce bawa ya tsufa ya fara sambatu. Wannan karon kada ka yi dariya. Ka yi fushi da ni ko sau ɗaya, hakkinka ne, sannan in ka huce ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da rufin asiri irin wanda ka yi mini. Allah ya jiƙan Baffa da Inna da Baba. Allah ya albarkaci Adama da duk abin da ka bari. Ni kuma Allah ya ba ni kwanakin da zan isa hayi in faɗa, ya sa ranar da za mu tsaya gabansa in iya ɗaga kai in dube ka. Amin.

Ɗan'uwanka mai jiran yafiyarka,
Garba